Yadda Anaruwa Ƙwaron Tafki Ya Fara Goyo

Dalilin da ya sa kuke ganin ƙwaron ruwa yana iyo da ƙwai jere a gadon bayansa, shi zan gaya muku yau, don na gaji da jin kuna cewa, "Ga mai jego can ta fito!" Wace mai jego? Namiji ne, magidanci da ƙarfinsa. Matar tana can tana kiwonta. Ku gyara zama, wanda kuma ya san zai yi ta katse ni da tambaya ya tashi tun yanzu.

A zamanin da, akwai wani babban tafki a bayan wani gari, bado da kainuwa sun rufe rabinsa. A nan ƙwarin ruwa suke da unguwarsu. A lokacin babu namijin da ya san wani abu wai shi raino. Kai, ko zancen 'ya'yansa ba ya yi. Mutanen kunya ne na ƙin ƙarawa. A wajensu, uba ya buɗe baki ya tambayi lafiyar ɗansa a gaban jama'a, ai ya zubar da girmansa ke nan. In aka ce wa mutum, "Wane, an yi ƙwai a gidanka," sai ya kau da kai ya ce, "Bana kam ruwa ya yi sanyi." Shi ke nan an rufe zance.

To ina ƙwan ke zuwa? Wajen Gwaggo Tarwaɗa. Wata tsohuwar kifi ce, baƙa, mai sulɓi, ga gashin baki zaƙo-zaƙo, ga bakin zaƙi. Ita ce mai rainon unguwa. Duk macen da ta yi ƙwai sai ta manna su a ganyen bado, ta ja ganyen har ƙofar kogon Gwaggo, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ga amana." Ita kuwa ta ce, "Allah sarki 'yata, ajiye nan. Je ki huta, jikokina ne."

Bayan kwana goma sai Gwaggo ta fito da ɗa ɗaya ko biyu, wani lokaci ma hannu rabbana, tana share hawaye da gashin bakinta. "Bana Allah bai yi ba," in ji ta. "Ruwa ya lalata su." Mata su koma gida su yi kuka a ɓoye. Maza kuwa, suna majalisarsu a ƙarƙashin inuwar kainuwa, su ce, "Allah Ya sa haka shi ya fi alheri," su ci gaba da hirarsu. Babu wanda ya taɓa zuwa ya leƙa kogon nan. Wa zai je? A gan ka a ƙofar mai raino, a ce wane ya kasa haƙuri, ya je duba 'ya'ya? Haba!

A cikin mazan nan akwai wani ana ce masa Anaruwa, matarsa kuma Marka. Anaruwa ƙato ne, ga faɗin baya, ga fukafukai masu kyau. In ya fito daga ruwa ya buɗe su ya tashi zuwa wani tafkin, har tsayawa ake a kalle shi. Shi ma ya san da haka, yana ji da su ƙwarai. Amma damina uku da aurensu, Marka ta kai ƙwai wajen Gwaggo sau uku, ko ɗa ɗaya ba su samu ba. Abin yana cin Anaruwa a rai sosai, sai dai ko a fuska ba ya nunawa.

Ran nan da hantsi Marka ta tare shi a ƙofar gida.

"Maigida, ina da magana."

"Ina ji."

"Cikin nan da kake gani shi ne na ƙarshe. Na ji a jikina, ƙarfina ya fara tafiya. In waɗannan ma suka bi 'yan'uwansu, to gidanka ya mutu, babu mai tuna sunanka a tafkin nan."

Anaruwa ya dubi sama ya ce, "Yau kamar za a yi ruwa."

"A yi ruwan!" in ji Marka, ta fashe da kuka. "Mu da ke cikin ruwa, ina ruwanmu da ruwa? Ni dai ka je wajen Gwaggo ka gano mini inda take ajiye su. In sanyi ne ya yi yawa, a sauya wuri. Kunyar nan taku ta ishe ni, wallahi ta ishe ni!"

Ya kau da kai. Amma kukan ya shige shi. Ya fita, ya nufi kogon Gwaggo. Da ya hango ƙofar sai ya fasa shiga, don daga majalisa ana ganin duk mai shiga. Ya wuce kamar mai zuwa wani wuri. Ya dawo, ya sake wucewa. A na uku ya ce a ransa, "Bari in zaga ta baya, kada wani ya gan ni." Ya kutsa ta cikin saiwoyin bado, ya bi laka da rarrafe, har ya iso wata 'yar kafa a bayan kogon. Ya sa ido.

Yara, abin da ya gani ba kyau. Gwaggo Tarwaɗa na kwance ta baje, ga ganyen bado guda huɗu a gabanta cike da ƙwan mutane. Tana bin su layi-layi tana zuƙewa, tana lumshe ido. Ta ware 'yan ƙwai biyu a gefe ta ce, "Ku kam ku tsaya, ku ne na nunawa." Sannan ta yi gyatsa, ta lashe gashin baki.

Anaruwa ya janye idonsa daga kafar. Ya tuna damina ukun nan, ya tuna sau nawa ya gaishe da tsohuwar nan har ƙasa, yana yi mata sannu da ƙoƙari. Ya ja jiki ya koma gida, ya zauna gaban Marka, ya kwashe duk abin da ya gani ya gaya mata. Ran nan ne karo na farko da ya ce "'ya'yana" da bakinsa.

"Sai ka faɗa a majalisa," in ji Marka.

"In ce na gani ta yaya? In ce na je leƙen ɗakin raino ta baya? Wa zai yarda da ni a kan tsohuwar da ta raini rabin unguwa?"

Can Anaruwa ya ce, "Tunda cikin ruwa ba amana, mu gwada sama."

Washegari suka je bakin gaɓa, Marka ta hau wani karan ciyawa da ya fito saman ruwa, ta manna kashin farko na ƙwanta a jikinsa. Suka koma gida suna murna sun yi dabara. Ko azahar ba a yi ba suka dawo dubawa, sai ga cinnaku sun yi layi daga gaɓa, kowane da ƙwai a ka. Anaruwa ya daka musu tsawa, "Kai! Na wa kuka ɗauka?" Babbansu ko tsayawa bai yi ba, ya ce, "Mu abin da muka tarar ba mai shi, namu ne. Da naka ne da mun gan ka a wurin." 'Yan ƙwan da suka rage kuwa rana ta riga ta busar da su.

Maganar cinnakan nan ta yi wa Anaruwa zafi fiye da cizonsa, don gaskiya ce. Marka ta sauko jiki a sanyaye ta ce, "Saura kashi ɗaya a cikina, Maigida. Gobe za su fito. A ƙasa kifi, a sama cinnaka. Ina zan kai su?"

Anaruwa ya dubi bayanta. Sannan ya ce, "Ki goya su mana, kamar yadda matan mutane ke yi in sun zo wanki."

"Kai ma dai! Ta yaya zan yi ƙwai a kan bayana? Wuyana zan karya?"

Ya dube ta, ya dubi hanyar majalisa. Sai ya juya mata baya, ya kwanta, ya baje.

"Hau."

"Na'am?"

"Na ce ki hau. Ki jera su a nan."

Marka ta riƙe baki. "Maigida, ka san abin da kake faɗa? Da danƙo nake manna su. In na manna a kan fukafukanka, sun rufe ke nan, ba ka ƙara tashi sai ran da suka ƙyanƙyashe. Ga kuma bakin mutane."

"Na ji. Hau kafin in sake shawara."

Haka aka yi. Da gari ya waye Marka ta hau bayan mijinta, ta jera ƙwan nan tsaf tun daga wuya har ƙugu, ta danne su da danƙo. Anaruwa ya yunƙura zai buɗe fukafuki, ko motsi. Ya yi iyo kaɗan, ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Marka ta shiga koya masa aiki. "Kada ka daɗe a ƙasa, za su shaƙe. Ka riƙa hawa sama suna shan iska. Kada kuma ka daɗe a sama, za su bushe. In ka tsaya, ka riƙa jijjiga su, haka, sama da ƙasa, ruwa ya riƙa ratsa su. A hankali mana! Ba sussuka aka sa ka ba."

Kwana biyu yana ɓuya a bayan gida. A na uku yunwa ta kore shi, dole ya fita neman abinci, hanyar kuwa ta gaban majalisa ta bi.

Wayyo, zo ku ga dariya! Wani har da faɗuwa daga kan ganye. "Jama'a, ku zo ku ga Inna Anaruwa!" "Sannu mai jego, ya ruwan zafi?" "A kawo mata kunun kanwa!" Anaruwa ya ji kamar ya nutse cikin laka kada ya sake fitowa. Shugaban majalisar, wani dattijo mai suna Baba Arzika, shi bai yi dariya ba. Ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, me ya yi zafi haka? Ni nan damina bakwai ina rasa 'ya'ya, ka taɓa jin na ɗaga murya? Namiji haƙuri aka san shi da shi. Je ka sauke abin nan, ka kai wa Gwaggo kamar kowa."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Anaruwa, kansa a ƙasa. "Ba zan kai ba. Gwaggo ce ke cinye su. Da idona na gani."

Sai kuma aka taso masa da hayaniya. "Ashe har leƙe ka je?" "Tsohuwa za ka yi wa ƙazafi?" Baba Arzika ya girgiza kai ya ce, "Tashi ka ba mu wuri. Ko jiya iyalina ta kai nata."

Labari bai kwana ba ya isa kunnen Gwaggo Tarwaɗa. Ta zo har gida, tana tafe tana salati. "Anaruwa ɗana, me nake ji haka? Kai da nake alfahari da kai? Dubi yadda ka rame. Juyo nan in sauke maka, ko sisin kunya ba za ka ƙara sha ba."

Anaruwa ya ja da baya, ya manna bayansa da saiwar bado. "Na gode, Gwaggo. Suna nan lafiya inda suke."

Murmushin ya ɓace daga fuskarta. Ta matso, ta rage murya. "Yaro, kai fa yanzu ba ka tashi. Ka tuna da wannan." Ta kaɗa wutsiya ta tafi.

Daga ranar Anaruwa bai ƙara samun sukuni ba. Cin abinci a tsaye, hutu ido biyu. Ya rame, ƙafafunsa suka yi ciwo saboda jijjiga. Amma ƙwan suna ta girma, suna ƙara nauyi, har a rana ta tara ya fara jin motsi a bayansa, wani ɗan tsut-tsut kamar ana taɓa shi da tsinke. Daɗi ya kama shi, ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya yi ta dariya shi kaɗai.

Ran kwana na goma, da hantsi, ya hau sama don su sha iska, daidai tsakiyar tafki inda babu ciyawa. Marka na kan wani ganyen bado tana kallonsa. Sai ta ga ruwa ya yi duhu a ƙarƙashinsa.

"Maigida! Ga ta nan!"

Ya waiga, sai ga bakin Gwaggo a wangame yana tahowa. Ya yunƙura zai tashi sama kamar yadda ya saba, fukafukai suka ce ba mu san zancen ba. Ya sa iyo iya ƙarfinsa, ya nufi inuwar kainuwa. Amma ina! Mai goyo da kifi? Kafin ka ce me, ya fara jin gashin bakinta yana shafar ƙafarsa ta baya.

"Kankare su!" Marka ke ihu tana kuka. "Sa ƙafa ka kankare su ka tashi! Na yafe, ni dai kai ka rayu!"

Zai iya kuwa. Shuri biyu da ƙafar baya, danƙon zai ɓanɓare, ƙwan su zube, shi ya tashi abinsa. Har ya ɗaga ƙafar. Sai ya ji tsut-tsut ɗin nan a gadon bayansa. Ya mayar da ƙafar.

Ya ce a ransa, "In ina gudu, su ne a bakinta. In na juyo, sai ta bi ta kaina tukuna." Sai ya ja birki, ya yi wata irin juyawa, ya fuskance ta. Gwaggo ba ta taɓa ganin ƙwaro ya juyo mata ba, ta ɗan yi turus. Wannan turus ɗin shi ya cuce ta. Anaruwa ya daka tsalle ya cafke gashin bakinta da hannuwansa biyu na gaba, ya saita tsinin bakinsa, ya luma mata a leɓen sama har ƙarshe.

Kai! Ƙarar da tsohuwar nan ta yi, sai da kwaɗin gaɓa suka yi tsit. Ta yi sama da shi, ta yi ƙasa da shi, ta maka shi da saiwa, ta ja shi cikin laka. Anaruwa ya ƙi saki, kuma duk juyin da za ta yi, shi dai ƙirjinsa yake ba ta, bayansa na can gefe. Suna wannan kokawa har suka faɗo tsakiyar majalisa, maza suka watse kowa ya kama ganye.

"Sake ni! Wayyo leɓena! Sake ni, ɗan nan!"

Ya ƙara dannawa. Zafi ya kai mata har ciki, cikinta ya juya, sai ta wage baki ta kelaya amai a gaban kowa. Me za a gani? Ƙwai. Ƙwan ƙwarin ruwa, wasu a fashe, wasu ko taunawa ba ta yi ba, har da guntun ganyen badon da aka kawo su a kai.

Baba Arzika ya sauko a hankali, ya ɗauki guntun ganyen, ya juya shi. Shi da kansa ya tsinko wa matarsa ganyen nan a ɓoye, ya san inda ya gatsa.

"Nawa ne," in ji shi. "'Ya'yana ne waɗannan." Dattijon ya fashe da kuka a gaban yaran da yake yi wa faɗan haƙuri.

Sai a sannan Anaruwa ya saki. Gwaggo Tarwaɗa ba ta tsaya sallama ba, ta yi ƙasa da leɓe a kumbure, ta tona laka ta shige.

Anaruwa ya lallaɓa ya kama saiwar kainuwa, yana haki, duk jikinsa rauni. Marka ta iso a guje ta zaga bayansa tana dubawa. "Suna nan," take cewa, "suna nan, ko ɗaya bai faɗi ba!" Tana rufe baki sai aka ji ɗas! Ƙwai ɗaya ya buɗe a sama kamar an ɗaga murfin tulu, wani ɗan mitsitsin kai ya leƙo. Ɗas! Ga wani. Ɗas, ɗas, ɗas! Kan a jima bayan Anaruwa ya cika da 'ya'ya, farare tas, suna miƙa, suna zamewa cikin ruwa, suna zagaye shi. Tunda aka kafa unguwar nan ba a taɓa ganin yara masu yawa haka daga gida ɗaya ba. Matan unguwa suka fito, wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Wanda ya fara cewa "Inna Anaruwa" ya matso yana sosa ƙeya, ya ce, "To... Allah Ya raya. Duka naka ne?"

A da, amsar ita ce a kau da kai a yi zancen sanyin ruwa. Anaruwa ya miƙe, ya shure ɓawon ƙwan daga bayansa, ya buɗe fukafukansa a karo na farko cikin kwana goma, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tafki zai ji.

"Nawa ne! Duka nawa ne! Ni na goya su!"

Baba Arzika ya share ido, ya ratsa taron bai kula kowa ba, ya je gaban matarsa. Ya juya mata baya, ya durƙusa da ƙyar saboda tsufa, ya ce, "In da saura, ga wuri." Kafin damina ta fita, duk wani magidanci a unguwar nan yana yawo da goyonsa, har gasa ake a ga bayan wa ya fi ɗauka. Majalisa kuwa ba ta watse ba, ana nan ana hira, sai dai kowa na yi yana jijjiga.

Shi ya sa har wa yau, in kun ga ƙwaron ruwa da ƙwai a baya, uban ne. Kifi ya hana shi ajiya a ƙasa, cinnaka ya hana shi ajiya a sama, shi kuwa ya ce bayansa ya ishe su. Ba ya tashi, ba ya saukewa, sai ya ga fitowar na ƙarshe. Kuma ina jan kunnenku: duk wanda rawar kai ta sa ya kai masa hannu yana cikin goyo, to ya shirya kwana uku yana busa yatsa, kada kuma ya zo mini da kuka.